Yadda za a rage gogayyar boris a ƙafar keken da aka mayar injin gwaji

Ɗan Mabera:

Assalamu alaikum. Ina haɗa wani ƙaramin injin gwaji a gida da ƙafar gaba ta keke. Na manna maganaɗisu a kewayen ƙafar, na kafa naɗin waya a gefe domin wutar batir ta riƙa ingiza su. Ƙarfin da naɗin ke bayarwa kaɗan ne, kuma ina zargin boris ɗin ne yake cinye mafi yawansa, domin idan na wulwula ƙafar da hannu ba ta jimawa take tsayawa. Shin in sauya boris ɗin gaba ɗaya ne, ko akwai gyaran da zan yi wa wanda ke ciki?

Mai gyaran keke, Runjin Sambo:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Kada ka sayi komai tukuna. Boris ɗin keke an ɗaure shi ne domin ya ɗauki mutum da kayansa a kan hanya mai gargada, shi ya sa ake cika shi da giris mai kauri, wanda yake kama ƙurar hunturu har ya zama kamar kwaɓaɓɓiyar laka. Ka kwance shi, ka kula kada 'ya'yan cikinsa, wato ƙananan ƙwallayen ƙarfe, su watse, yawanci goma ne a kowane gefe na ƙafar gaba, ka wanke su da kananzir tare da mazauninsu, ka bari su bushe. Duk ɗan da ka ga ya yi tsatsa ko ya ɓantare, gara ka sauya dukkansu. Sai ka ɗiga man keken ɗinki, ɗigo biyu ya isa.

Wurin mayarwa ne mutane suke ɓata aikin. Ka ɗaure kon ɗin, wato notin ciki mai danne 'ya'yan, har sai girgiɗin ya kusa ɓacewa, ka tsaya nan, sannan ka riƙe shi da sifana lokacin da kake ɗaure notin waje, in ba haka ba notin zai ƙara matse shi ba tare da ka sani ba. Tun da babu giris, sai ka riƙa lulluɓe injin da ƙyalle, domin a Sakkwato boris buɗaɗɗe ba ya daɗewa da tsabta.

Malamin fasaha, Arkilla:

Abin da mai gyaran keke ya faɗa daidai ne, sai dai ina shakkar cewa boris ne babban mai laifi. Gogayyar boris mai ƙwallaye idan yana da tsabta ƙarama ce ƙwarai, kusan 0.0015 na nauyin da ke kansa, kuma ƙafar keke ba ta da wani nauyi. Abin da ya fi tsayar da irin wannan ƙafa shi ne maganaɗisun da kansu. Idan akwai ƙarfe a cikin naɗin wayar, ko an yi firam ɗin da ƙarfen walda, kowane maganaɗisu zai fizgi ƙarfen yayin wucewa, ya danne boris ɗin ta gefe ɗaya. Ko alminiyam da jan ƙarfe, waɗanda maganaɗisu ba ya kamawa, suna yi wa ƙafar birki idan suna kusa, saboda wutar da ke haifuwa a jikinsu lokacin da maganaɗisu ke giftawa. Ka yi firam ɗin da katako, ka kafa naɗin biyu-biyu suna fuskantar juna domin fizgarsu ta kashe juna.

Kafin ka taɓa komai, ka auna. Ka cire naɗin, ka wulwula ƙafar, ka duba agogo har ta tsaya, sannan ka mayar da su ba tare da haɗa batir ba ka sake. Bambancin lokacin zai nuna maka inda ƙarfin yake tafiya. Idan kuma ƙafar kullum wuri ɗaya take komawa ƙasa, nauyin maganaɗisun bai daidaita ba.

In har za ka sayi sabon boris, ka nemi ƙarami, domin gogayya tana ƙaruwa da faɗin ramin. Boris mai lamba 608 raminsa milimita 8 ne, alhali 6202 da ake samu a fankar sama milimita 15 ne. Ka zaɓi mai alamar ZZ, wanda murfinsa na ƙarfe ba ya taɓa zoben ciki, ka guji 2RS, domin robarsa tana gugar zoben.

Ɗan Mabera:

Na gode, Allah ya ƙara sani. Firam ɗina kuwa na ƙarfe ne. Malam, ba zai yiwu in rataye sandar tsakiya da maganaɗisu kawai ba, ta yadda ba za ta taɓa komai ba?

Malamin fasaha, Arkilla:

Da maganaɗisu na dindindin kaɗai ba zai yiwu ba, kuma Samuel Earnshaw na Ingila ya tabbatar da hakan da lissafi tun 1842: sandar za ta zame ta wani gefe ko yaya ka jera su. Abin da ake yi shi ne maganaɗisu su ɗauke mafi yawan nauyin, a bar tsinin sandar yana taɓa gilashi a wuri ɗaya tak. Wannan ya dace da faifai mara nauyi, amma ga ƙafar keke aikin ya fi amfaninsa yawa, kuma idan ta yi gudu iskar da wayoyin ƙafar ke kaɗawa ta fi boris cin ƙarfi. Ka fara da firam na katako da wankin kananzir, ka kawo mana lokacin da ka auna kafin gyaran da bayansa.