Labarin zuciya a tambayi fuska: har yau haka ne?

Maman Hafsat: Assalamu alaikum jama'a. Karin maganar da na kawo mana yau ita ce "Labarin zuciya a tambayi fuska", kuma ina da ja a kanta. Mu da aka raina da kunya da kawaici, wace fuska za a tambaya? Ka je dubiya, mutum ko juyi ba ya iyawa, ka ce ya jiki, ya ce da sauƙi. Mace an yi mata kishiya, ranar walima ita ce mai raba wa baƙi abinci tana fara'a, kowa na cewa ai uwargida ta yi hankali. Anya fuska na faɗin gaskiya?

Baba na Kurmi: 'Yata, tana faɗi mana, sai dai ba kowa take faɗa wa ba. Tun ina yaro nake zaman rumfa. Mai saye ya ɗaga shadda yana shafawa, ya tambayi kuɗin yadi, ya haɗiyi yawu ya kalli gefe, na san aljihunsa bai kai ba tun kafin ya taya. Waccan uwargidan ma, baƙi ta ɓoye wa. Mahaifiyarta na shigowa za ta gane.

Malam Bala: Baba da Maman Hafsat, kowa da gaskiyarsa. Wani masanin halayyar ɗan Adam daga Amurka, Paul Ekman, ya je wajen mutanen Fore na Papua New Guinea a 1967 da hotunan fuskoki. Mutanen da ba su saba da Turawa ba suka gane farin ciki da fushi da baƙin ciki da ƙyama. Daga baya shi da abokin aikinsa Wallace Friesen suka nuna wa ɗaliban Japan da na Amurka fim mai tayar da hankali. Suna su kaɗai, duk sun yamutsa fuska iri ɗaya. Da aka shigo da wani babba ɗakin, sai 'yan Japan suka rufe abin da murmushi. To ai kunyarmu ke nan. Fuska na motsawa, tarbiyya na danne ta a gaban mutane.

Ɗan Autan Hajiya: Ni wannan karin maganar cutata take yi. Fuskata haka Allah ya yi ta, ba ni da yawan dariya, amma a gida da wajen aiki an gama yanke hukunci wai girman kai gare ni. Matata ma in na dawo a gajiye sai ta ce fushi nake da ita, ta ƙi magana, ni ma na ƙi, a kwana a haka ba a san me aka yi ba. Ba dai an ce zato zunubi ba, ko da ya zama gaskiya?

Anti Nas: Ƙanena ka taɓo inda ke damuna. A ɗakin masu jego nake aiki. Wadda ciwon damuwa ya kama bayan haihuwa sau da yawa ba a fuska ake ganinta ba. Ranar suna ta sha lalle da atamfa, an ɗau hoto. A gida kuwa barci ya ƙaurace mata ko jaririn na barci, abinci ba ya shiga, tana kuka a banɗaki, tana ganin ita ba uwar kirki ba ce. In irin wannan ya wuce mako 2 ana fama, ciwo ne, kuma yana da magani. Akwai asibitin lafiyar ƙwaƙwalwa na Dawanau a Kano, da na Barnawa a Kaduna, da na Kware a Sakkwato. Zuwa can ba ya nufin mutum ya haukace.

Baba na Kurmi: Ban ƙi taki ba, amma ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Yaran yanzu ɗan saɓani kaɗan sai a watsa a Facebook. Wannan ba magani ba ne, tonon asiri ne.

Anti Nas: Baba ai ban ce a yi shela ba. Mutum ɗaya mai amana ya isa, yaya ko aminiya ko likita. Ku ne dai kuka koya mana barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa.

Malam Bala: Akwai gwajin da James Gross da Robert Levenson suka wallafa a 1993. Waɗanda aka ce su danne fuska yayin kallon abin ƙyama sun iya dannewa, amma na'ura ta nuna jikinsu ya ƙara shiga matsi, har zufar fata ta ƙaru. Dannewar ma aiki ce, jiki ke biya.

Maman Hafsat: To Ɗan Auta, kai ma da sauran aiki a gabanka. In ka shigo ka ce mata "gajiya ce kawai, ba ke ba ce", me zai rage ka? Ita kuma a gaya mata ta riƙa tambaya da baki. Baba, har yanzu ban yarda kowace uwa ke ganewa ba. Na san waɗanda suka gani sarai, suka ce "yi haƙuri, haka aure yake", suka tashi suka tafi.