Kuɗin littafi ɗaya ne a hannu: wanne za a saya, kuma yaushe littafin ƙari ke ɓata wasa?

Mai buɗe zance, daga Garwa

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ga halin da teburori da yawa ke shiga a nan arewa: mutum biyar sun haɗu suna son wasan labari na Dungeons & Dragons, wanda jagora ke jan labari, kowane ɗan wasa kuma ke riƙe da jarumi ɗaya. Littattafan sai an yi saƙonsu daga nesa, kuɗin da aka harhaɗa kuma na guda ɗaya ne. Manyan littattafan uku ne, na 'yan wasa, na jagoran wasa, da na dodanni, kowanne ya haura shafi 300, ga littattafan ƙari a bayansu. Duk wanda ya gwada wani abu ya faɗi abin da ya yi aiki da abin da ya lalace, da dalili.

Daga Ngaundare

Wa alaikumus salam. Kada ku kashe ko sisi tukuna. Kamfanin Wizards of the Coast mai wasan ya saki Basic Rules, wato taƙaitattun ƙa'idojin wasan, kyauta tun 2014, da sana'o'in jarumai huɗu: mayaƙi, ɗan sane, matsafi, da mai warkarwa, daga mataki na 1 har na 20. A Janairun 2023 kuma ya saki SRD 5.1, kundin ƙa'idoji mafi faɗi, da lasisin da ya halatta wa kowa ya buga, akwai shi da Faransanci, cikinsa da sana'o'i 12 da ɗaruruwan dodanni. Shafinsa kusan 400 ne, wato takarda 200 idan an buga gaba da baya. Kada a ɗinke shi dunƙule. A raba uku: ƙa'idoji, tsafe-tsafe, dodanni. Na dodanni ya zauna wajen jagora shi kaɗai, in ba haka ba 'yan wasa za su haddace raunin kowane dodo.

Giɓinsa: reshe, wato fannin ƙwarewa a cikin sana'a, ɗaya tak ya ba kowace sana'a. Bayan zama goma ko makamancin haka za a fara jin ƙaranci, a lokacin ne kuɗin nan zai tafi ga littafin 'yan wasa. Shi ne kowa ke miƙa wa hannu a tebur.

Daga Marwa

Na yarda da Malam na Ngaundare, sai dai maganar bugawa tana da nata tarko. Injin tawadar ruwa bai dace ba, gumin hannu kawai ya isa ya watsa rubutun. A nemi injin leza. Shi ma idan aka ɗora masa bangon roba kai tsaye, a zafin Maris da Afrilu baƙin yana mannewa a jikin robar, shafin farko ya koɗe. A sa farar takarda ɗaya tsakani. Ɗinkin zobe ya fi na gam nesa ba kusa ba, don yana buɗewa shimfiɗe a tabarma, gam kuwa zafi na sassauta shi, shafuka su fara zubewa daga tsakiya. Littafin asali mai kaurin bango kada a bar shi a akwatin babur ko cikin mota da rana. Da damina kuma gara ce abokiyar gaba: akwatin ƙarfe, kafur a ciki, a ɗaga shi daga ƙasa.

Daga Njamena

Abu mafi muhimmanci ba a taɓo ba: kafin a tura kuɗi a tambayi wane bugu ne. Akwai na 2014, akwai sabon da aka fara fitarwa a Satumban 2024, sunansu ɗaya, kuma cakuɗa su ba tare da lura ba yana kawo rigima. Misali biyu. A na 2014 ƙarin makin baiwa, irin su ƙarfi da basira, daga jinsin jarumi yake zuwa, a na 2024 an mayar da shi ga asalin rayuwarsa. Wanda ya ɗauki jinsi daga tsoho, asali daga sabo, zai ci ƙarin sau biyu, ya fi kowa ƙarfi ba da haƙƙi ba. Na biyu, a na 2014 mai warkarwa yana zaɓar reshensa a mataki na 1, matsafi a na 2, a sabon kuwa kowa sai mataki na 3. Tebur ya tsaya a bugu ɗaya, a rubuta shekarar a saman takardar kowane jarumi.

Haka ma harshe. Bugun Faransanci ya juya ƙafa 5 zuwa mita 1 da rabi, ƙafa 30 ta zama mita 9. Idan ɗaya na riƙe da na Ingilishi ɗaya na Faransanci, a daina ambaton ƙafa ko mita, a ƙirga gidajen taswirar wasa: tafiyar mutum gida 6 ce, shi ke nan.

Daga Garwa, wata 'yar'uwa

Ni a kan littattafan ƙari zan tsaya, don nan ne na ga teburori suna wargajewa. Xanathar's Guide to Everything na 2017 ya cancanci kuɗinsa, musamman ga jagora: jadawalinsa na haɗa faɗa ya fi na littafin jagora na 2014 sauƙi, ba sai an yi ta ninka maki ba. Tasha's Cauldron of Everything na 2020 kuwa sai da taka-tsantsan. Akwai reshen mai warkarwa a cikinsa, na almuru, wanda tun mataki na 2 yake ba duk abokin da ke cikin gida 6 makin rai na wucin gadi, ɗan ludo ɗaya da lambar matakinsa, a ƙarshen kowane juyi, har tsawon minti ɗaya. Minti ɗaya zagaye goma ne, yawancin faɗa kuwa ba ya kai rabin haka. Sakamakon: ƙananan dodanni ba sa iya yi wa kowa illa, jagora ya ƙara musu ƙarfi, ranar da mai wannan reshe bai zo ba a kashe sauran. Dokar da ta yi aiki ita ce littafin ƙari ɗaya a lokaci ɗaya, jagora ya karanta reshen kafin a amince, kuma kada a shigo da shi a tsakiyar labari.

Daga Kusiri

Yaya, ban musa ba, amma ko babu littafin ƙari mataki na 1 yana kisa. A Lost Mine of Phandelver, labarin da ke cikin akwatin masu farawa na 2014, faɗan farko kwanton ɓauna ne na goblin huɗu, wasu ƙananan dodanni. Kowanne makin ransa 7, sulkensa 15, wato lambar da sai an kai kafin bugu ya same shi, bugunsa ɗan ludo ɗaya da ƙarin 2. Idan ya jefa 20 da ɗan jifa mai fuska 20 wajen kai hari sai a ninka ɗan ludon, ɓarnar na iya kai 14. Matsafi mai makin rai 7 ya sha 14, ragowar 7 ta kai cikar ransa, ya mutu nan take babu jifan ceto da ake yi wa wanda ya suma. Sabon ɗan wasa da aka yi wa haka a daren farko da wuya ya dawo. Magani: a rage su zuwa uku idan 'yan wasa ba su kai biyar ba, ko a fara kowa a mataki na 2.

Wanda bai sami 'ya'yan jifa bakwai da ake wasan da su ba, kada ya haɗa 'yan ludo biyu a madadin mai fuska 12. Biyu suna ba da 7 sau 6 cikin 36, ba sa taɓa ba da 1. A jefa ɗaya tare da kwabo, in ya faɗi ta baya a ƙara 6. Mai fuska 20 kuma marafan kwalba ashirin masu lamba a cikin ƙwarya sun wadatar, a mayar da wanda aka ciro kafin a sake.

Daga Marwa, wani dabam

Akwai abin da ke hana wasu zama, kuma ya kamata a girmama shi: jerin gumakan da littattafan ke haɗa mai warkarwa da su. Ba dole ba ne. Littafin jagora na 2014 da Xanathar's duka sun yarda ya dogara ga wata aƙida ko manufa, babu wani abin bauta. A cire jerin, a kira shi mai magani, lissafi bai canza ko ɗaya ba.

Masu neman duniya mai kama da tamu kuma su duba da kyau kafin su yi saƙo. Al-Qadim na 1992 don tsohon bugu na biyu aka rubuta shi, inda ƙarancin lambar sulke shi ne ƙarfi, sai an juya kowane dodo da hannu. The Mwangi Expanse na 2021 aiki ne mai kyau, amma na Pathfinder ne, wani wasan dabam, kuma ƙasar kurmi ya fi karkata, ba sahel ba. Abin da ya fi arha shi ne sauya riga. Ɗauki lambobin dodon da ake kira ogre, rai 59, sulke 11, ka kira shi ƙaton Sao na bakin Tafkin Cadi. Ɗauki na gnoll, rai 22, sulke 15, ya zama mutumin da ke rikiɗa kura da dare. Duwatsun Rumsiki su zama taswira. Ogre da gnoll duka suna cikin SRD, babu abin da za a saya.