In Kwamfutoci Suka Tsaya Cak: Abin da Jama'a Suka Ce

Tambayar ita ce: me zai faru in kwamfutoci suka daina aiki gaba ɗaya?

1. Kusan kowa ya yarda noma ba ruwansa. Garmar shanu ba ta neman intanet, gero zai yi in damina ta yi kyau.

2. Kuɗi ne inda gizo ke saƙar. POS zai mutu, tiransifa ma haka. Da yawa sun tuno canjin kuɗi na 2023, lokacin da mai akuya ke karya farashi a kasuwar Maigatari don dai a ba shi tsaba a hannu. Shawara: a bar hatsi a rumbu, kar a sayar duka da kaka.

3. Waya za ta ɗauke, sai aike ta hannun direba.

4. An rabu kan JAMB, jarrabawar shiga jami'a da ake yi a kwamfuta. Wasu sun ce a koma takarda, wasu na tsoron satar amsa. Ni dai ina bayan masu takarda.