Shin yunwa ce kaɗai ke rage ƙiba?

Yaya: Assalamu alaikum. Tun bayan ƙaramar Sallah na ɗaura niyyar rage ƙiba, saboda gwiwoyina suna damuna a duk lokacin da na zo tasowa daga sujada. Yau mako biyu ke nan ina shan shayi ba sukari da safe, in ci dafaffen ƙwai biyu da rana, da daddare kuma kwaɗon zogale da ɗan tuwo, wanda a lissafina duka bai wuce kalori 800 ba (kalori shi ne ma'aunin kuzarin da abinci ke bai wa jiki). Na sauke kilo huɗu, saboda haka na gamsu cewa babu abin da ke rage ƙiba sai yunwa.

Ƙani: Wa alaikumussalam. Yaya, ki yi haƙuri, ban goyi bayan wannan hanya ba. Ko da mutum ya wuni a kwance bai motsa ba, zuciya da hanta da ƙoda da ƙwaƙwalwa suna cin nasu rabon, kuma wannan shi ne kusan kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari na abin da jiki ke ƙonawa a rana. Akwai lissafin wannan rabon da wani mai bincike, Mifflin, da abokan aikinsa suka fitar a 1990, wanda ake yi da nauyi da tsawo da shekaru. Mace mai shekara 40 da kilo 85 da tsawon santimita 162, kamar ke, tana ƙona wajen kalori 1,500 a kwance. Idan kika ci ƙasa da haka, jiki yakan kulle ne ya daina taɓa kitsen gaba ɗaya.

Kawu: Yaro, lissafinka na karɓa, amma maganar kullewa ban karɓe ta ba. Ina da wayo a farin 1973, kuma na ga ƙarti majiya ƙarfi waɗanda wuyan rigarsu ya koma yana zamowa daga kafaɗa. Da jiki yana kullewa, da ba su rame ba.

Anti: Kawu, gaskiyarku ne, jiki ba ya daina ramewa, sai dai yakan rage gudu, kuma abin da yake ci a hanya shi ne abin tsoro. A Jami'ar Minnesota ta Amurka, tsakanin 1944 da 1945, wani masanin kimiyya mai suna Ancel Keys ya yi gwaji da maza 36, inda aka rage musu abinci zuwa kusan rabi har mako 24. Sun zubar da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsu, amma abin da jikinsu ke ƙonawa a kwance ya ragu da wajen kashi 40 cikin ɗari, sanyi da kasala da ƙuncin rai suka addabe su, ba su da zance sai na abinci, da aka sakar musu mara kuwa da yawansu suka ci har kitsensu ya zarce na da. Ke kuma ƙanwata, kilo ɗaya na kitse ya kai kalori 7,700. Da aikin gida da zirga-zirga kina ƙona wajen 2,100 a rana, to giɓin da ke tsakanin wannan da 800 ɗin da kike ci, a mako biyu bai kai kilo biyu da rabi ba. Ragowar ruwa ne, watakila har da tsoka.

Yaya: Anti, ban ɓoye miki ba, jiya da asuba jiri ya ɗebe ni a wurin alwala har sai da na dafa bango. Amma idan rabin kilo zan riƙa saukewa a mako, kafin in kai kilo 70 sai na yi wata bakwai, kuma ina tsoron zuciyata ta karaya.

Anti: Wata bakwai da za ki iya jurewa ne. A shekarun da na yi ina aikin jinya na ga mata da dama da saurin ramewa ya jawo wa duwatsu a matsarmama, shi ya sa cin kalori 800 ba a yin sa sai likita yana bibiya. Ki tsaya a wajen 1,600, ki ci wake da kifi da ƙwai domin tsokarki, ki fara gyara daga tukunya. Cokalin cin abinci ɗaya na man gyaɗa ko manja kalori 120 ne, mu kuwa da ludayi muke zubawa har ya taso saman miya.

Ƙani: Na janye kalmar kullewa, Kawu. Amma har yanzu ina ganin 1,500 ɗin iyaka ce da bai kamata Yaya ta sauka ƙasa da ita ba.

Anti: Lissafin ƙiyasi ne, yana iya kaucewa da kalori ɗari ko fiye, kuma zai riƙa sauka yayin da nauyinta ke sauka, don haka sai an sake shi duk bayan kilo biyar.

Kawu: 'Yata, kina dai shan maganin hawan jini. Kada ki sauya cimarki haka kawai ba tare da wanda ya rubuta miki shi ya sani ba.

Yaya: To Kawu, ranar Litinin zan je asibiti in sha Allahu. Anti, daga yau zan auna man miyar da cokali, sai ki gaya mini nawa ya ishi tukunyar mutum shida.