Don Allah a taimaka, kwana tara ina ƙofar Elensefar

Ɗan Kurna: Assalamu alaikum jama'ar gida. Ku yi haƙuri da tsawon rubutu, raina ne a ɓace. Wata biyu ke nan da yayana ya bar min tsohuwar laftof ɗinsa da zai koma makaranta, wadda madannin "e" ɗinta ya fita, sai da farce ake danna shi, batirin kuma ba ya kai minti arba'in. A ciki na tarar da wani gem na yaƙi, Battle for Wesnoth. Ni asalina ɗan dara ne, duk layinmu an sani, dattawan majalisa ma ba sa son zama da ni. Da na ga shi ma bi da bi ake yi, ka matsa naka ya matsa nasa, na ce ai an zo gidan sauƙi. Ina zaman shagon POS tun safe har bayan isha'i, in na rufe na ci tuwo sai in kunna, wani lokaci har ɗayan dare, gari ya waye ina ƙirga kuɗin mutane ido jawur. Shekaranjiya saura kaɗan in ba wata mata canjin dubu biyar sau biyu.

Labarin Heir to the Throne na ɗauka, na yaron nan Konrad da tsohon matsafi Delfador. Fagen farko da ake gudu daga daji sai a gwaji na takwas na wuce. Tashar jiragen ruwa, tsibiri, wajen mutanen ruwan da aka kulle a keji, duk na lallaɓa. Yanzu ina Siege of Elensefar, fagen ƙwato garin Elensefar, tsohon ya yi tafiyarsa ya bar ni. Da na doshi gari Orkawa, dodannin da ke riƙe da shi, su yi min kaca-kaca, in ma na samu na shiga sai ƙwarangwal su gangaro daga arewa, kibiya kamar ana yi musu susa. Zinari ba ya isa. Kuma wallahi gem ɗin nan maguɗi yake yi, an rubuta min damar samu 70 cikin 100, matsafina ya jefa wuta sau uku bai samu ko ɗaya ba. Me zan yi?

Sadiq Linux: Wa alaikumus salam. Wace siga ce a laftof ɗin? Wane mataki ka zaɓa, mai sauƙi ko matsakaici ko mai wuya? Zinari nawa ka shigo fagen da shi? Tsofaffin sojoji nawa gare ka masu ƙarin girma? Ba ka faɗi ko ɗaya ba, amma mun san labarin madannin "e".

Janar: Ba sai ya faɗa ba, na riga na gano cutar. Duk wanda ya zo Elensefar yana kukan tafiyar Delfador, to Delfador ne ya yi masa yaƙin baya gaba ɗaya. Ɗan Kurna, faɗi tsakaninka da Allah, wa ke kashe maka abokan gaba a fagagen baya? Tsohon yana matakin girma na 5, ya kai ƙarshen girmansa. Duk wanda ya kashe, makin gogewar ya tafi a banza, kamar ka zuba ruwa a randar da ta cika. Kashe soja mai mataki 1 maki 8 ne, mai mataki 2 maki 16, fafatawa kawai ba kisa kuwa maki ɗaya ko biyu. Aikin tsoho shi ne ya raunata, yara su ƙarasa. Da haka ake zuwa Elensefar da Elfawa, wato mutanen dajin da ke tare da Konrad, huɗu ko biyar masu mataki 2, da mai magani, da farin matsafi. Kai ka zo da garken sababbin yanka rake. Magani ɗaya ne, ka koma farkon labarin.

Ɗan Kurna: Janar, da girmanka, ba fa haka kawai nake ba shi ba. Tsawarsa ba ta cika kuskure ba, in na bar wa yaran sai su kuskure, dare ya yi a kashe min su. Kuma ina da mahayin doki ɗaya da ya samu ƙarin girma. Komawa farko kuma ai wata biyu ke nan na zubar.

Janar: Ɗaya. Ka ji da kunnenka.

Maman Ilham: Ni dai abin da ya kama ni a rubutunka shi ne ɗayan dare. Maigidana haka ya yi da wani gem na gina birane, sai da na fara ɓoye cajar a cikin buhun shinkafa. Kai ko aure ba ka yi ba ka fara. Amma dai ga abin da na sani, don ni ma ina taɓawa in yara sun yi barci: in ka buɗe ajiyar farkon fage, akwai wajen da za ka danna ka sauya mataki. Mayar da shi mai sauƙi ka wuce abinka, ba wanda zai tambaye ka ranar lahira.

Janar: Hajiya, wannan ai rufe ciwo da bandeji ne. In ya wuce nan da sauƙi, gaba fa? Labarin ya haura fage ashirin, rundunar da bai gina ba ba za ta faɗo daga sama ba.

Maman Ilham: To ya sha wahala don ranka ya yi daɗi?

Baffa Damagaram: Yaro, bar su, zo mu yi maganar fagen kansa. Ka ce da ka doshi gari ake cinye ka. Da wane lokaci kake dosa? Dubi hoton rana da ke gefen allo. Kwana ɗaya zagaye shida ne: asuba, safiya, la'asar, magariba, sai dare kashi biyu. Orkawa da ƙwarangwal 'yan dare ne, dukansu yana ƙaruwa da kashi 25 cikin 100 da dare, ya ragu da haka da rana. Mahayan dokinka da matsafanka akasin haka ne. Elfawa kuwa ba ruwansu, dare da rana duk ɗaya. Sannan ƙasar da soja ya taka ita ce garkuwarsa. Maharbin Elfawa a cikin daji, sau 30 cikin 100 kawai ake samunsa, mai takobi 40. Ka tsoma shi a ruwa, 80 cikin 100 duka zai shiga. Ni abin da nake yi, ba na tsallakawa. Ina jan layi a gefena, inda akwai daji da ƙauyuka, in bar su su ne su shigo ruwa, in yi ta ɗauke su ɗaya bayan ɗaya. Ƙaramin sojan Orkawa mai takobi ba shi da abin jifa sam, in ka harbe shi daga nesa ba ya ramawa. Da gari ya waye sai ka matsa gaba.

Janar: Baffa, wannan dabarar tsofaffi ce, lokaci take ci. Kana zaune bakin ruwa ƙwarangwal suna tahowa su haɗe da Orkawa, ka ga ka tara wa kanka runduna biyu. Kuma duk zagayen da ka ɓata ka rage wa kanka ladan gamawa da wuri, wanda shi ne zinarin fage na gaba. A kama gari da wuri, a tare ganuwa, shi ne magana.

Baffa Damagaram: Da wace rundunar zai kama garin? Kai da bakinka ka ce ba shi da kowa.

Janar: Shi ya sa na ce ya koma farko.

Ɗan Kurna: Baffa na gode, amma ni jira ba ya cikin jinina, ko a dara ni mai kai hari ne. Dawakai nake saya tun farko, huɗu ko biyar, don sukarsu ninki biyu ce. Akwai ranar da doki ɗaya ya kusa gama shugaban Orkawa shi kaɗai. Sa'a ce kawai ba ta zo ba.

Sadiq Linux: Ninki biyun ai har da kai. In mahayi ya kai wannan sukar, ramuwar da za a yi masa ma ninkawa take yi. Kuma kowanne zinari 23 ne, mai takobin Elfawa 14. Dawaki biyar 115 ke nan, kusan Elfawa takwas. Ga shi mashinsu suka ne, ƙwarangwal kuma suka da sara ba sa damunsu, abin da ke karya su wuta ce da duka irin na gwalma ko guduma da tsafin farin matsafi. Wato ka sayi mafi tsada don ya yi aikin da bai iya ba. Har yanzu dai ba ka faɗi zinarinka ba.

Ɗan Kurna: Zinarin ba shi da yawa gaskiya. Ina kiran tsofaffin sojojina duka tukuna, don ba na son barin wanda muka sha wahala tare, sauran canjin in sayi doki.

Janar: Inna lillahi. Kiran tsohon soja zinari 20 ne, ko wane ne shi. Ka biya 20 ka kira mai takobi mai mataki 1 da ba shi da maki, alhali sabo 14 ne? Ana kiran wanda ya girma ne, ko wanda ya kusa, ko mai halin biyayya da ba ya cin albashi. Ka ma san akwai albashi? Kowane soja yana cin zinari daidai matakinsa duk zagaye, kowane ƙauye da ka kafa wa tuta yana ɗauke maka nauyin mataki ɗaya, ya kuma kawo kuɗin shiga. In sojoji sun fi ƙauyuka yawa, aljihunka ne ke yoyo. Kai mai POS ne fa, lissafin nan bai kamata ya gagare ka ba.

Abba Gembu: Ni maganar maguɗin ce ta tsaya min, don gaskiya yaron nan ya faɗa. Na yi wata huɗu ina renon wata maharbiya tun tana mataki 1 har ta kai 3, na sa ta a daji, wani banzan Orka ya kai mata sara biyu duka suka shiga, na biyu ya zo haka, na uku ya ƙarasa ta. Na rufe laftof na fita waje na zauna kan dakali kamar an yi min rasuwa. Tun ranar ban sake buɗewa ba. Kuma a ranar ne mai gyara ya karɓi kuɗina ya sa min batirin da bai kai sati biyu ba, har yau in na je shagon sai yaronsa ya ce ya tafi Juma'a, ko da ranar Talata ce.

Sadiq Linux: Abba, Allah ya ba da haƙuri, amma ba maguɗi. Gem ɗin buɗaɗɗe ne tun da David White ya fara shi a 2003, kowa na iya karanta yadda aka rubuta shi, mutane sun bincika sun gaji. Tsafi 70 cikin 100 ne kullum, ko ina abokin gaba ya tsaya. Kuskure uku a jere kuwa kusan sau 1 ne cikin 37. A fage ɗaya kana kai hari fiye da haka nesa ba kusa ba, dole wata rana ta faɗo kanka. Wanda ya shiga ba ka tunawa, wanda ya kuskure shi ke hana ka barci. Akwai wajen ƙididdiga a cikin menu, yana nuna dukan da ake sa ran ka yi da wanda ka yi. Ku duba.

Abba Gembu: Na duba a lokacin. Ƙididdigar ma ai su suka rubuta ta.

Janar: Laifinka ne Abba. Ka bar ta inda mutum uku za su kai gare ta. Kowane gida kusurwa shida gare shi, soja a tsakiyar layi biyu ne kawai za su taɓa shi. Wanda ya ji rauni a ja shi baya, ƙauye yana mayar da 8 duk zagaye, hutu 2, 'yar maganin Elfawa 4 ga duk wanda ke gefenta, in ta girma 8. Ita ce ma sojan da sababbi ke rainawa, alhali in ta ɗaure ƙaton Orka da saiwoyinta dukansa rabi yake komawa. Ɗan Kurna, nawa gare ka cikinsu?

Ɗan Kurna: Ban taɓa sayen ta ba, na ga dukanta 3 ne kacal. Amma ni ina da dabarata, duk zagaye ina yin sebin, in an kashe min wani sai in loda in sake. Da haka na zo nan ban rasa kowa ba sai mutum biyu.

Maman Ilham: Nima haka nake yi, ba abin kunya ba ne.

Baffa Damagaram: Ba kunya, amma shi ya kai shi inda yake. Lodawa tana gyara sa'a, ba ta gyara tsayuwar da ka yi a ruwa da dare. In za ka sake, sake fagen daga farkonsa da wani tsarin. Kuma ɓarayin nan da suke zuwa su ba ka hannu a fagen, kada ka tura su gaba su kaɗai. Ka sa sojanka a gefe ɗaya na abokin gaba, ɓarawo a ɗaya gefen daidai bayansa, wuƙarsa ninki biyu take shiga.

Sadiq Linux: Ni shawarata dabam ce da ta kowa. Ajiye Konrad tukuna. Buɗe A Tale of Two Brothers, fage huɗu ne kawai, don sababbi aka yi shi, ko The South Guard. Sati ɗaya ya ishe ka. Ka dawo da idon da ya buɗe.

Janar: Ɓata lokaci. Heir to the Throne da kansa makaranta ne in an bi shi daidai. Ni a kansa na koya, ba wanda ya riƙe min hannu, lokacin ma a kafen intanet nake saukewa da awa ɗaya-ɗaya.

Abba Gembu: Janar kullum kai ne ka sha wahalar duniya. Wai ma a cikinku akwai wanda ya san inda ake samun batirin laftof na gaske a Kano?

Ɗan Kurna: Na gode kowa da kowa, Allah ya bar zumunci. Komawa farko dai gaskiya ba zan iya ba, kuma mai sauƙi ba zan mayar ba, yayana zai dawo hutu ya gani ya yi min dariya. Zan sayi 'yar maganin guda ɗaya in gani. Amma dawakan ina ganin in na rage su zuwa uku na bi ta gefen yamma da sassafe za su isa shugaban kafin ƙwarangwal su sauko. Jiya saura sara ɗaya.

Janar: Za ka dawo nan ranar Asabar da wannan kukan.

Sadiq Linux: Zinari nawa, malam? Sau uku ke nan.

Ɗan Kurna: An ɗauke wuta, in an kawo zan duba.