Muhawara: "Mai kemis ya hana mu maganin Hajiya"

Abba na Hotoro: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Wallahi raina a ɓace yake. An yi wa Hajiyarmu aikin canjin gwiwa a Delhi, muka dawo Kano da maganin ciwo na sati biyu da asibitin suka haɗo mata. Shekaranjiya ya ƙare. Daren jiya ko runtsawa ba ta yi ba, tana zaune bakin gado ta tallafe ƙafar da hannu biyu tana ta salati, ƙanƙarar da muka ɗora ta narke a banza. Da safe na ɗauki takardar likitan da ya yi aikin, ga hatimi ga sa hannu, na je sayen tramadol. Mai kemis ya juya ta gaba da baya, ya miƙo min abata, wai sai na kawo ta likitan gida. Wanda ya buɗe gwiwar da hannunsa takardarsa ba ta ci ba, sai ta wanda ko hoton ƙafar bai gani ba? Wannan zalunci ne. Takardar ƙwararre ya kamata ta yi aiki ko'ina a duniya.

Maman Hanifa: Subhanallahi. Allah Ya ba Hajiya lafiya, Ya sa kaffara ne.

Famasis Rabi: Allah Ya ƙara sauƙi. Amma Malam Abba, wa kake kira mai kemis? Wanda ya karanta takarda ya mayar maka, famasis ne. Shekara biyar ko shida a jami'a, ga shekarar horo, ga rajistar hukumar kula da masu harhaɗa magunguna, PCN. Mai kemis na lungu lasisinsa bai ba shi damar ajiye tramadol ba ma, balle ya tambaye ka takarda.

Ɗan Sabon Gari: Hajiya Rabi, "na lungu" kika ce? To mu na lungun mu ne ke buɗe ƙarfe ɗayan dare in yaro ya tashi da zazzaɓi. Ku da isha'i kun ja ƙofa kun kunna talabijin.

Famasis Rabi: Ban kira sunan kowa ba, Alhaji.

Ɗan Sabon Gari: Ai ba sai kin kira ba. Mu ma PCN ɗin ce ke ba mu lasisi, kuɗinmu muke biya duk shekara.

Famasis Rabi: Lasisin fanadol da maganin tari da gishirin zawo. Ba na allura ba, ba na ƙarin ruwa a bayan labule ba.

Abba na Hotoro: Jama'a, ni ina ruwana da sunansa? Kemis ko famasi, shago ne mai magani a kanta.

Famasis Rabi: Ka ga irin ta ko? Da na kira likitanka na Delhi wanzami, da ka yarda?

Dakta Bash: Ku bar ni in sa baki. Abba, likitan Indiya ba shi da rajista da hukumar likitoci ta Najeriya, MDCN. Famasis ba shi da hanyar tabbatar da hatimin nan, kuma irin waɗannan magunguna ana rubuta shige da ficensu, ranar da masu bincike suka zo shi za a tambaya. Ka ɗauki takardar sallama da hotunan ƙafar, ka kai Hajiya Asibitin Ƙashi na Dala, ko duk inda likitan ƙashi yake. In tana bukatar maganin za a rubuta mata a ranar. Abin da ya fi damuna ma ba takardar ba ne. Ciwon da zai hana barci bayan sati biyu da aiki sai an duba. Ku taɓa gwiwar, akwai zafi ko ja? Ɗinkin yana fitar da ruwa? Sha-raɓar ta kumbura? Zazzaɓi fa? In akwai ko ɗaya, yau za ku je, domin ƙwayar cuta a sabuwar gwiwa ko gudan jini a jijiya, tramadol rufe su kawai zai yi.

Sarkin Yawo: Dala kuma? Da Dala na iyawa wa zai sayar da fili ya tafi Indiya?

Dakta Bash: Ana canjin gwiwa a Dala, ka je ka tambaya.

Sarkin Yawo: Ana yi, bayan an ba ka rana sai baɗi. Marigayi Buhari da kansa, da ya yi jinya a 2017, ina ya nufa? Landan. Tafiya ɗaya sama da kwana 100.

Baffa Mai Gaskiya: Kai yaro, ka bar bawan Allah ya kwanta. Waɗanda kake wa kirari a wane asibitin Kano ake duba su?

Sarkin Yawo: Baffa, ni ban yi wa kowa kirari ba. Jarida ce ta rubuta.

Baffa Mai Gaskiya: Mun san hular da kake sawa.

Ummi Fagge: Don Allah ku bar siyasa. Yaya Abba, ƙawata za ta dawo daga Alƙahira ranar Asabar, in ce ta sayo muku? Ko a sa wani ɗalibi ya taho da shi daga Indiya.

Dakta Bash: Ummi, kada ki jefa ƙawarki a masifa. Masar ba ta wasa da tramadol. A Disamban 2017 kotu a can ta yanke wa wata Baturiyar Ingila, Laura Plummer, ɗaurin shekara uku saboda ƙwaya 290 da ta shiga da su, duk da ta ce na ciwon bayan mutuminta ne. Indiya ma tun 2018 ta sa shi cikin dokarta ta miyagun ƙwayoyi. In ya tsallake can, ga NDLEA a filin jirgi, kuma maganin ba sunan mai ɗauke da shi ba.

Maman Hanifa: Kun manta ɗalibar nan ta Kano da aka tsare a Saudiyya ƙarshen 2018? Ita jakar da aka samu ƙwayar a ciki ma ba tata ba ce, maƙala mata aka yi da sunanta, amma sai da ta shafe wata huɗu a tsare. Ni tun daga lokacin ko yaji ba na karɓar saƙo.

Ɗan Sabon Gari: Duk wannan tsananin an yi shi ne don a kashe mana kasuwa. Ga tiramol can a tasha, mai ƙarfin miligiram 225, yara na saye kamar alewa. Wa ya tambaye su takarda?

Famasis Rabi: Yauwa, ka kawo kanka. NAFDAC 50 da 100 kawai ta amince da su. Mai 225 daga ina yake fitowa, ta hannun wa yake bi? Binciken da UNODC, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi, ta yi da hukumar ƙididdiga ta ƙasa a 2018 ya ce mutum miliyan 4.6 ke shan irin waɗannan magunguna ba don jinya ba. Kodin ma sai da BBC ta tona asiri a shekarar, sannan gwamnati ta hana maganin tari mai ɗauke da shi.

Ɗan Sabon Gari: A fim ɗin BBC ɗin masu kemis aka nuna suna fitar da katan-katan, ko ma'aikatan kamfanonin magani masu digiri irin naki? Gwano ba ya jin warin jikinsa.

Famasis Rabi: Admin, ka ja masa kunne.

Sarkin Yawo: Wane admin? Shi ma kemis gare shi a unguwarsu, hhhh.

Ummi Fagge: Yaya Abba, ka ba ta diclofenac kafin nan mana, shi ba a tambayar takarda.

Abba na Hotoro: Tana da olsa, kuma a can sun ce ƙodarta a lallaɓa ta.

Dakta Bash: To kada ku ba ta. Na tambaye ka gwiwar ta yi zafi ko ta kumbura, ba ka amsa ba.

Baffa Mai Gaskiya: A samu man zaitun da habbatussauda a shafa, a yi tofi. Zamaninmu wa ya san tiramol?

Dakta Bash: Baffa, tofi dai a yi, amma kada a shafa komai a kan ɗinki. Abba, kira ni ta waya.

Admin: Assalamu alaikum. Saƙonni sun yi yawa, ga taƙaitawa ga wanda bai bi ba. Ɗan'uwanmu Abba ya kawo kuka cewa wani babban shagon magani ya wulaƙanta shi alhali mahaifiyarsa na cikin ciwo, kuma kowa ya tausaya. An fahimci cewa ba mai kemis ne ya yi wannan aika-aika ba, famasis ne, kamar yadda Hajiya Rabi ta amsa da bakinta. An kuma nuna cewa masu kemis su ne gatan talaka da daddare, kuma babu wanda ya iya musawa. Dakta ya yi dogon bayani, mai bukata ya koma sama ya karanta. Kalmar "na lungu" ba ta dace da zauren nan ba, muna jiran Hajiya Rabi ta janye. Sarkin Yawo an cire shi na kwana uku saboda shigo da siyasa. An rufe wannan magana. Waɗanda ba su biya kuɗin wata ba su turo kafin Juma'a.