Wai Hausa tana da talauci wajen kalmomin gudu da ƙara?

Malamin Turanci: Assalamu alaikum. Yau na fito daga aji raina a ɓace. Mako biyu ina koya wa 'yan aji biyar na sakandare aikatau irin su whizz da zoom da buzz da hiss da fizz da sizzle. Na bayyana musu cewa whizz wucewar harsashi ce tare da ƙarar da yake yi a iska, fizz kuwa ƙarar lemon kwalba ce idan an buɗe shi, sizzle kuma irin ƙarar da ƙosai ke yi idan an jefa shi cikin mai mai zafi. Da na ba su jarrabawa, duk wanda ya ga zoom sai ya rubuta "gudu", wanda ya ga buzz ya rubuta "kuka". Ban ga laifin yaran ba, domin a wannan fanni Hausa tana da talauci.

Malamar Hausa: Wa alaikumus salam. Malam, ina roƙonka ka janye kalmar talauci. Harshen da ake cewa tsuntsu ya tashi fir, mace ta wuce fuu saboda fushi, yaro ya yi wuf ya kama, ɓera ya shige rami zuruf, ruwa ya zubo shaa, ba a kiransa matalauci. A nahawu sunan waɗannan kalmomi amsa-kama, kuma ƙamusun Bargery na 1934 cike yake da su.

Malamin Turanci: Malama, aikatau na ce, ban ce amsa-kama ba. Bature yana cusa gudun da ƙarar cikin kalma guda, mu kuwa sai mun ɗauko biyu.

Malamar Hausa: To, wanda ya raba kayansa cikin jaka biyu ya fi wanda ya tura su cikin jaka ɗaya talauci ke nan? Abin da yake damuna shi ne, malaman Turanci sun saba kallon mu masu koyar da Hausa kamar ba mu da abin koyarwa, kuma a gaban ɗalibai suke nuna haka.

Tsohon ma'aikacin rediyo: 'Yata, ki yi haƙuri, amma na goyi bayanki. Shekaru na yi ina fassara labarai, kuma ban taɓa tashi daga teburi don na rasa kalma ba. Wanda bai zauna da tsofaffi ba shi ne yake ganin harshen ya gaza.

Ɗalibin jami'a: Baba, da girmamawa, mu ma da tsofaffi muka tashi, kuma bai dace a riƙa ɗora wa matasa kowane laifi ba. Ni dai na san hiss tana da fassara kai tsaye, wato tsaki.

Malamin Turanci: Wannan shi ne kuskuren da nake yaƙi da shi kullum. A Turancin Nijeriya ne ake kiran tsaki hiss. A Ingila hiss ƙarar maciji ce, ko ta tayar da ƙusa ta huda tana fitar da iska. Mai tsaki yana zuƙo iska ciki ta tsakanin haƙora, mai hiss kuwa waje yake turo ta.

Ɗalibin jami'a: Malam, idan miliyoyin mutane suna faɗin abu suna fahimtar juna, wane ne zai ce kuskure ne? Turancinmu ma Turanci ne.

Malamar Hausa: Ga shi da bakinka ka kawo maciji, Malam. Kumurci idan ya fasa kai me yake yi? Huci yake yi, kuma huci kalma ɗaya ce tak. Ina talaucin yake?

Tsohon ma'aikacin rediyo: Huci ya fi faɗi, domin mutumin da ya fusata ma yana huci, haka wanda ya sha gudu.

Malamar Hausa: Baba, wannan ai wadata ce.

Shugaban zaure: Jama'a, bari in taƙaita don dare ya yi. An tabbatar cewa Hausa ba ta rasa komai ba, Malama ta kawo hujja daga ƙamus, Baba kuma ya ƙarfafa ta da abin da ya gani a wurin aiki. Maganar tsaki ba ita ce ta tara mu ba. Ina ganin ya kamata Malam ya janye kalmarsa.

Malamin Turanci: Ranka ya daɗe, ka manta cewa Baba da kansa ya ce huci bai yi daidai da hiss ba. Kuma har yanzu ba wanda ya gaya mini abin da zan ce wa yarana ranar Litinin idan suka tambaye ni ma'anar buzz, alhali ƙudan zuma yana yinta, wayar hannu ma tana yinta a cikin aljihu.